Me ya sa ba a zartar da hukuncin kisan Hanifa nan take ba?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya hana a rataye mai makarantar da ya kashe Hanifa tun ranar da aka yanke hukunci. Wallahi ciwon da kike ji ni ma ina jinsa. Yarinya 'yar shekara biyar, kuma wanda aka ba amanarta ne ya sace ta a Disambar 2021, ya karɓi kuɗin fansa, ya hallaka ta. Shi ya sa fushin jama'a ya kai har aka cinna wa makarantar wuta, abin da ban goyi baya ba, domin ginin bai yi laifi ba.

Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin rataya a ranar 28 ga Yuli, 2022, shi da mutum ɗaya da ya taimaka masa. Sai dai doka ta ba wanda aka yanke wa kisa damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma ba a taɓa shi sai an rufe wannan ƙofa, sannan gwamna ya sa hannu. Ganduje, gwamnan Kano na lokacin, ya yi alkawarin sa hannun tun kafin a gama shari'ar, amma alkawari ba ya tsallake waɗannan matakai. Allah ya jiƙan Hanifa, ya ba iyayenta haƙuri.