Amsa: Fawa bank a akwati ko a jakar hannu?

Malam, ka ce za ka Umra, kana tambaya ko fawa bank zai shiga babban akwati. A'a, kada ka kuskura. Batirin litiyom da ke cikinsa yana iya kamawa da wuta, shi ya sa ake son shi a jakar hannu, inda ido ke ganinsa. Duba rubutun jikinsa: in bai wuce 100Wh ba (Wh ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka ne), ba matsala. Mai 20000mAh wajen 74Wh ne. Nawa da na saya nan Damagaram rubutun ya goge, a filin jirgi aka karɓe shi ina ji ina gani.

Salula da kwamfuta ma riƙe su a hannu. Ka nemi adafta, soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne.