Almasihu, Nasara da Linjila: Ina Asalinsu?

Wani mai karatu daga Zariya ya tambaya ko "Almasihu" da "Kiristi" sunaye biyu ne masu ma'ana daban.

Ma'anarsu ɗaya ce, harsunan da suka fito ne suka bambanta. Almasihu ta shigo Hausa daga Larabci, kuma 'yar'uwa ce ga kalmar Ibrananci mashiyak, wato wanda aka shafa wa mai. A al'adar Bani Isra'ila, idan za a naɗa sarki ko babban firist, mai ake zuba masa a ka, kamar yadda aka yi wa Dawuda, don haka shafar mai a wurinsu daidai take da naɗin rawani a wurinmu. Daga baya kalmar ta koma laƙabin sarkin da Yahudawa ke sauraron zuwansa daga zuriyar Dawuda. Da aka fara fassara Attaura da sauran littattafansu zuwa Girkanci a Iskandariya, wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sai aka juya ta zuwa Kiristos, wato shafaffe. Daga nan aka samu "Kirista", sunan da aka fara kiran almajiran Yesu da shi a birnin Antakiya.

Wata malama daga Maraɗi kuma ta ce, me ya haɗa Nasara, wato Turawa, da nasarar da ake yi a gasa?

A bakin Bahaushe ba a rikita su, domin ana jan wasalin tsakiya a ta farko, ba a jansa a ta biyu. Rubutun boko ne ya mai da su kamar tagwaye. Nasara ta farko sunan Kiristoci ne a Larabci, kuma galibin masana suna danganta ta da Nazarat, garin da Yesu ya girma. Tun farko Yahudawa sun ɗauki mabiyansa a matsayin wata ɗariƙa a cikinsu, kamar Farisiyawa da Sadukiyawa, har aka kira Bulus, ɗaya daga cikin manyan masu wa'azinsu, jagoran ɗariƙar Nazarawa a gaban gwamnan Rumawa. Rabuwar Kiristoci da Yahudawa ta ƙara ƙarfi ne bayan da Rumawa suka rushe Haikalin Urushalima, babban wurin ibadar Yahudawa, a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa. Mu kuwa da Turawa suka zo, sai muka laƙaba musu sunan addininsu, muka ce "zamanin Nasara".

Tambayar da ta fi burge ni ita ce ta ɗalibin da ya ce ko Linjila da Bishara abu ɗaya ne. Linjila ta biyo ta Larabci daga Girkanci ewangeliyon, ma'ana labari mai daɗi, irin wanda manzo ke kawowa daga fagen yaƙi. Bishara kuwa fassarar wannan ma'anar ce, kuma tushenta ɗaya da albishir. Ke nan duk wanda ya ce maka "Albishirinka!" ka amsa da "Goro!", wannan tushen ne a bakinsa.