Yaya, ga dalilin da ya sa muke kai yaranmu a duba su

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kin tashi lafiya. Ya Malam da yara, ya kuma haƙuri da yanayin gari? Allah Ya kawo mana ƙarshen masifar 'yan bindiga, Ya zaunar da Zamfara lafiya.

Na saurari saƙon muryarki har ƙarshe. Kin ce abin yana ɗaure miki kai, wai uwa da ƙafarta ta ɗauki ɗanta ta kai wa likita, ta yi ta naci har sai an rubuta mata cewa yana da galahanga, wato larurar da Turawa ke kira autism, alhali a gida rufawa ake yi. Kin tambaya ko zaman Turai ne ya cire mana kunya, da kuma wanda zai nemi auren ƙannen yaron idan magana ta fita. Sai can wajen ƙarshe kika ambaci jikanki da ya haura shekara uku bai fara magana ba. Na san domin shi kika aiko. Tunda ba ke kaɗai ke yi mini irin wannan tambaya ba, na ga gara in rubuta a inda wasu ma za su gani, ba tare da sunan kowa ba.

Kada ki ɗauka kowa a nan fitowa fili yake yi. Mu Hausawan Birmingham ba mu da yawa, 'yan Najeriya ne da 'yan Nijar da mutanen zangon Ghana, kowa ya san kowa, kuma ƙaramar magana kafin la'asar ta zaga gari ta WhatsApp. Akwai gidan da za a yi suna ko walima, uwa ta zo da sauran yara ta ce wancan yana barci, kuma kullum yana barci. Akwai waɗanda suka mayar da yaro gida wajen kakanni, wai ya shiga cikin yara bakinsa zai buɗe. Akwai uban da har yau amsarsa ɗaya ce, shi ma bai yi magana da wuri ba. Duk abin da kika sani a Gusau mun taho da shi cikin jaka. Bambancin kawai, a nan tsarin ƙasar ba ya barin mutum ya daɗe yana rufe ido.

Tun ranar haihuwa ake ba mai jego wani jan littafi da ake rubuta nauyin jariri da rigakafinsa da girmansa. Idan yaro ya kai shekara biyu zuwa biyu da rabi, ma'aikaciyar lafiya za ta zauna da uwa ta yi mata tambayoyi. Idan an kira sunansa yana waiwayowa? Yana nuna abu da yatsa don ki gani, ko jirgi ne ya wuce? Yana kawo miki abin wasansa ya nuna miki? Yana yin wasan kwaikwayo, ya ba 'yar tsana abinci ko ya kara cokali a kunne kamar waya? Idan ita ba ta lura ba, malaman renon yara za su lura. Daga nan sai likitan unguwa ya tura yaro gaba, kuma kusan kullum da gwajin ji ake farawa, domin yaron da ba ya ji ba zai amsa kira ba.

Bayan wannan sai jira, kuma jiran nan shi ne abin da ya fi cin ran iyaye. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin aikin likita a nan ta ce a fara duba yaro cikin wata 3 da tura shi, amma a ƙarshen 2024 mutum sama da 200,000, yara da manya, ke kan layi a Ingila. Iyalai da yawa suna haura shekara. Wannan shi ne nacin da kika ji labari. Uwa tana ganin ɗanta yana girma, sa'o'insa suna shiga aji, ita kuwa tana ta buga waya.

Ranar da aka duba ɗana, ba a ɗebi jini ba, ba a ɗauki hoton kai ba, domin babu gwajin jini ko hoto da ke nuna galahanga. Ɗaki ne da darduma da kayan wasa. Wata ma'aikaciya ta hura kumfan sabulu, ya yi ta tsalle yana karkaɗa hannuwa, sai ta rufe kwalbar ta riƙe, tana jira ko zai ɗago ya dube ta ya nemi ƙari. Bai dube ta ba. Hannunta ya kama ya ɗora a kan murfin, yadda yake jan nawa ya kai kan firij idan yana son madara. Ta zagaya bayansa ta kira sunansa, shiru. Ta murɗa ledar biskit a hankali, nan take ya juyo. Ta miƙa masa mota, ya kifar da ita ya zauna yana juya taya. Ni kuma likitan yara ya zaunar da ni yana tambayata tun daga goyon ciki har ranar, an kuma karɓi rahoton makaranta. Sai da likitan da mai koyar da magana da masanin halayyar yara suka haɗa abin da kowa ya gani kafin a kira mu a faɗa mana. Na yi kuka a mota, Yaya. Amma a daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Amfanin takardar a nan a bayyane yake. A ƙarƙashin dokar 2014, yaro mai buƙata ta musamman zai iya samun wani tsari a rubuce da ake kira EHCP, wanda ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta samar masa abin da aka rubuta a ciki, ko mataimakiyar malama ce a aji, ko mai koyar da magana, ko gurbi a makaranta ta musamman, kuma yana iya bin sa har shekara 25. Doka ta ce a kammala shi cikin mako 20, kodayake sau da yawa yana wucewa. A ƙa'ida buƙatar yaro ake dubawa, amma duk uwar da ta bi layin nan za ta gaya miki an fi sauraron wadda ke riƙe da rahoton likita.

Na ji masu cewa don kuɗi muke yi. Akwai tallafi na yara masu larura 'yan ƙasa da shekara 16, gaskiya ne, sai dai da yawa cikinmu da bizar aiki ko ta karatu suke zaune, kuma wannan biza ta haramta musu karɓar tallafin gwamnati. Uwar da ta ajiye aikinta don ɗanta ba ya barci sai ƙarfe uku na dare ba riba take nema ba. Haka kuma tsoron da ake ba mu cewa Turawa za su ƙwace yaro idan aka rubuta masa galahanga ba shi da tushe. Abin da ke jawo hukuma cikin gida shi ne duka. A Ingila dukan da ya bar shaida a jikin yaro laifi ne, Sikotilan kuwa tun 2020 ta haramta dukan yara gaba ɗaya, Wales ta bi sahu a 2022.

Amma ko da babu makaranta babu tallafi, zan sake kai shi, kuma nan ne nake so ki tsaya ki ji ni. Kafin a san abin da ke damun yaro, sunansa mai taurin kai ne, marar kunya, shagwaɓaɓɓe. Ya toshe kunne yana ihu idan an kunna injin markaɗe, a ce iskanci ne. Ya ƙi cin komai sai abu ɗaya, a ce uwarsa ta ɓata shi. Ya ƙi duban baƙo ya gaishe shi, a kai masa rankwashi. Alhali ƙarar da ke wuce ki ba ki ji ba, shi zafi take yi masa a kunne, kuma ihun nan shi ne iyakar maganar da yake da ita. Uwar kuma kin san abin da take sha. Dangin miji su ce jinin gidan matar ne, wasu su ce ta fita da magariba da ciki, wasu su ce kishiya ce ta yi aiki. Na ga aure ya mutu a kan wannan, a nan da can. Ranar da likita ya dubi miji da mata ya ce musu haka aka halicci ƙwaƙwalwar yaron, ba renon kowa ba ne ya jawo, wani nauyi yana sauka daga kan matar da babu mai iya sauke mata shi a cikin dangi.

Addu'a kuwa ba mu bari ba. Muna tofa wa yaranmu Falaƙi da Nasi safe da yamma kamar yadda Inna ta yi mana. Abin da muka ƙi shi ne a turara yaro da hayaƙi har ya shiɗe, ko a ɗaure shi, ko a dake shi da sunan fitar da aljani, ko a sayar wa uwa jarkar ruwa da kuɗin da ya kai na buhun shinkafa a ce cikin mako biyu zai yi magana. Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da galahanga. Abin da ke aiki koyarwa ce ta yau da kullum da haƙuri, kuma yaran sun bambanta ƙwarai. Wani zai yi karatu har jami'a, wani zai buƙaci mai kula da shi har girma.

Ba ciwon Turawa ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 a faɗin duniya. A Amurka, inda ake bincike sosai, rahoton 2025 ya samu 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara 8. An fi gano shi a jikin maza, mata kuwa sukan wuce ba a lura ba, musamman a wajenmu da ake yabon yarinya mai shiru a ce tana da kunya. Kuma don Allah ki toshe kunnenki daga masu cewa rigakafi ne. Likitan da ya fara wannan magana a nan Ingila a 1998, an janye rubutunsa a 2010 kuma an soke lasisinsa, manyan bincike da suka biyo baya ba su ga wata alaƙa ba. Kin san abin da ƙyanda ke yi wa yara a wajenmu idan ba a yi musu rigakafi ba. Wani kuskure da ke yawa a cikinmu shi ne daina yi wa yaro Hausa, wai harshe biyu ne ya rikita shi. Masu koyar da magana da kansu suke cewa a ci gaba da harshen gida. Yaron da aka yanke wa Hausa an yanke shi daga kakarsa.

Maganar aure ba zan ɓoye miki ba, gado yana da babban hannu a ciki. Bincike ya nuna kusan 1 cikin 5 na ƙannen yaro mai galahanga su ma suna samu, shi ya sa ake sa ido a kan na bayansa tun suna goye. Amma rufawa ba ta hana masu neman aure sani, ranar gaisuwa za su gan shi ko su ji shi a ɗaki. A nan mun fara ganin sauyi. A filin Idi na Small Heath yanzu za ki ga uba riƙe da hannun ɗansa, yaron sanye da babbar riga da hula da abin toshe kunne saboda lasifika, kuma ba kowa ke waiwaye ba. Iyaye mata ne suka fara, bayan an tashi Islamiyya ranar Lahadi, wata ta yi ƙarfin hali ta faɗi nata, sai ga shi ba ita kaɗai ba ce.

Yanzu jikanki. Ba duk yaron da bai yi magana ba ne ke da galahanga, kuma a wajenmu akwai abubuwan da dole a fara kawarwa. Sanƙarau yana kurumtar da yaro. Shawara mai tsanani a makon haihuwa, doguwar naƙuda, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, farfaɗiya, duk suna jawo jinkiri. Ba mu manta da gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum ba, wadda ta kashe yara wajen 400, ta bar wasu da rauni a ƙwaƙwalwa. Idan yaron ya taɓa zama inda ake daka dutsen zinare, a faɗa wa likita, domin wannan ana gane shi ta gwajin jini kuma akwai magani.

A kai shi sashen yara na asibitin tarayya, wato FMC Gusau, a nemi ganin likitan yara, a ce ana so a gwada jinsa. Idan an tura ku asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ku je da rana tsaka lokacin da hanya ke da mutane, kuma kada sunan Kware ya tsorata ku, zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Kafin ranar, uwarsa ta ɗauki gajerun bidiyo a waya, yana wasa, yana cin abinci, ana kiran sunansa, da lokacin da ya birkice, domin a gaban likita minti kaɗan za a samu. Ta tuno watan da ya zauna da wanda ya yi tafiya, da ko ya taɓa faɗin wasu kalmomi ya daina. Uban ya bi su, ya ji da kunnensa.

Takardar da za a ba ku ba za ta kawo mataimakiyar malama ko tallafi kamar a nan ba, duk da cewa dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta ba shi haƙƙin karatu. Amma kuna da abin da mu muke nema ruwa a jallo, wato gida cike da hannuwa. A riƙa yi masa magana gajeriya, kalma ɗaya ko biyu, a nuna masa abin a hannu, a ba shi lokaci ya amsa. A tsayar masa da lokacin ci da wanka da barci. A gaya wa malamin makarantar allo kada bulala ta taɓa shi, a kuma ja kunnen yaran unguwa masu tsokana. Irin yaran nan suna sulalewa su fita ba a sani ba kuma ruwa yana jan su, saboda haka a yi wa rijiyar tsakar gida murfi mai kwaɗo, a ɗinka lambar wayar babansa a cikin rigarsa.

Ki ba surukarki lambata ta kira ni da kanta, bayan isha'i ya fi mini sauƙi. Ki gaishe da Malam da kowa da kowa.