In sayar da filin gado in tafi Amurka karatun balaga da rubutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi digirin farko a Turanci, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Zariya. Ina son digiri na biyu a fannin da Amurkawa ke kira Rhetoric and Composition, wato balaga da rubutu, don burina in zama marubuciya. Yayana ya ce in sayar da filin da na gada in biya kuɗin makaranta, wani ejan kuma ya ce in ba shi kuɗi ya samo mini gurbi. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Filin nan ki bar shi inda yake, ejan kuma ki yi masa godiya ku rabu lafiya.

Amma kafin maganar kuɗi, ina so ki san abin da za ki karanta. Wannan fanni ba na ƙaga labari ko waƙa ba ne. Masu son ƙaga labari ko waƙa, digirin rubutun ƙirƙira da ake kira MFA suke nema. Naki fannin nazari ne na yadda mutum ke shawo kan mutane da magana da alƙalami, da kuma yadda ake koyar da rubutu. Yana da dangantaka da balagar da ake karantawa a zaurukanmu, ta ma'ani da bayani da badi'i, sai dai tasu ta biyo ta hannun Girkawa irin su Aristotle. Idan koyarwar da kike yi tana ba ki daɗi, kin zo gida. Idan kuwa gudunta kike yi, za ki sha wuya.

Dalilin da ya sa na hana ki sayar da fili shi ne: yawancin jami'o'in Amurka suna wajabta wa ɗaliban shekarar farko kwas na rubutu. Al'adar ta faro daga Harvard a ƙarshen ƙarni na 19, malaman fannin ma sun kafa ƙungiyarsu tun 1949. Azuzuwan suna da yawa ƙwarai, kuma kaso mai tsoka ɗaliban digiri na biyu da na uku ne ke koyar da su. Sai jami'a ta ba ki aji ɗaya ko biyu, kowanne ɗalibai kamar 20 zuwa 25, ta yafe miki kuɗin karatu, ta kuma riƙa ba ki alawus. Ba kuɗin tara dukiya ba ne, makin takardu kuma zai cinye miki dare, amma zai riƙe ki shekara biyun. Duk jami'ar da ta ɗauke ki ba tare da wannan tallafi ba, ki haƙura da ita ki sake nema baɗi.

Neman kuwa da kanki za ki yi. Ki shiga shafukan sassan Turanci na jami'o'in Purdue, Ohio State, Penn State, Louisville da Arizona, ki nemi kuma ƙananan jami'o'in jihohi, inda gasar ba ta kai haka zafi ba. Yawanci ana rufe karɓar takardu a Disamba ko Janairu, a fara karatu a Agusta. Za su nemi wasiƙun shaida daga malamai uku, da bayanin manufarki, da samfurin rubutunki. A nan ne ejan zai cuce ki, domin mutanen da sana'arsu karanta rubutu ce ba su da wuyar gane rubutun haya. Kina da abin faɗa na kanki: ɗalibanki da ke tunani da Hausa suna rubutu da Turanci. Wannan batu ne da ake bincike a kansa sosai a fannin.

Kuɗin da ba makawa su ne na cike fom, na jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS idan ba su yafe ba, na SEVIS (rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka) da na biza, sai tikitin jirgi. Sassa da dama sun daina neman GRE, jarrabawar shiga digiri na biyu, don haka ki tambaya kafin ki biya. Dokokin bizar ɗalibai suna sauyawa, ki fara tuntuɓar ofishin EducationUSA a Abuja, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, kafin ki fitar da ko sisi.

Ki yi tunanin dawowa ma tun yanzu. Sassan Turanci a jami'o'inmu sun kasu ne gida biyu, harshe da adabi, ba kasafai ake tallar gurbi da sunan wannan fanni ba. Inda za ki fi amfani shi ne kwas ɗin Use of English na 'yan aji ɗaya, wanda ke matuƙar buƙatar wadda ta san yadda ake koyar da rubutu. Ki gaida yayan naki, ki kuma nuna masa wannan amsa.