Sabuwar Kwamfutar Gem Tana Kai Digiri 97: Lahani Ne Ko Haka Aka Ƙera Ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Makonni uku ke nan da na sayi sabuwar laftof ta buga gem, mai furosesa Intel Core i7-13650HX da katin hoto RTX 4060. Da zarar na buɗe wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC ko Call of Duty, sai fanka ta ɗauki ƙara kamar injin markaɗe, saman madannai ya yi zafin da ba na iya daɗe da ɗora yatsa a kai. Na saka wata manhaja, ta nuna mini furosesa yana kaiwa digiri 95 zuwa 97. Wani mai gyara ya ce in kawo ya buɗe ta ya sauya mata man sanyaya, wato man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗauke masa zafi. Shin an sayar mini da mai lahani ce, ko in kai masa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin komai ina roƙonka kada ka bari a kwance ko da kusa ɗaya a jikin wannan kwamfuta tukuna. Na'urar da ba ta cika wata guda ba tana da garanti, ko na kamfani ko na mai shagon da ya sayar maka, kuma da yawa daga cikin 'yan kasuwa ba sa karɓar kayan da aka riga aka buɗe. Idan har akwai lahani, wanda ya sayar ne ya kamata ya ɗauki nauyinsa, kai kuma aikinka shi ne ka tabbatar da ko akwai shi, abin da za ka iya yi a ɗakinka ba tare da sukudireba ba.

Adadin da ka gani yana da ban tsoro ga wanda bai saba ba, amma shi kaɗai bai isa hujja ba. Kamfanin Intel ya sanya wa wannan furosesa iyakar zafi ta digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma an tsara shi ne ta yadda zai yi ta ƙara gudu matuƙar bai kai wannan iyaka ba ko iyakar wutar da aka ba shi. Ƙarfin wutarsa na asali wat 55 ne, amma idan aiki ya taso yana iya jan har wat 157 na ɗan lokaci, kuma kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa. Katin hoton naka ma, gwargwadon yadda kamfanin ya saita shi, yana iya shan sama da wat 100. Ka ƙaddara ke nan zafin da ya zarce na manyan ƙwayayen lantarki biyu irin na da, masu wat ɗari-ɗari, yana taruwa a cikin akwatin da kaurinsa bai wuce na littafi ba, kuma fankoki biyu da 'yan bututun jan ƙarfe ne kawai ke fitar da shi. Masu ƙera irin waɗannan kwamfutoci sun san da haka, kuma da gangan suke barin furosesa ya matsa kusa da iyakarsa, domin gudu ne abin da suke tallatawa.

Abin da ya kamata ka duba shi ne zafin tare da abubuwa biyu, wato wutar da furosesan ke sha a lokacin da kuma gudun da yake yi. Ka sauke manhajar HWiNFO, kyauta ce, ka buɗe ɓangaren Sensors, ka bar ta a buɗe, ka buga gem na minti talatin, sannan ka dawo ka karanta. Kada idonka ya tsaya a kan layin Maximum, domin furosesa yakan yi tsalle zuwa 97 na daƙiƙa ɗaya lokacin da wasa ke lodi, ya kuma sauko nan take. Layin Average ne mai faɗin gaskiya. Idan matsakaicin zafin yana tsakanin 80 da 90 kuma wasan yana tafiya sumul, to kwamfutarka lafiyarta ƙalau bisa tsarin da aka ƙera ta. Idan kuwa ya lafe a 97 zuwa 100 tun daga farko har ƙarshe, layin Thermal Throttling yana nuna Yes a kai a kai, gudun furosesa yana faɗuwa, wasan yana sarƙewa bayan minti goma, to furosesan yana rage wa kansa gudu ne don kada ya ƙone, kuma a nan ne ake fara bincike.

Akwai alamun da a wurina suke nuna lahani daga masana'anta, kuma su ne za ka ɗauki hotonsu ka kai wa mai shago. Na farko shi ne furosesa ya kai iyakarsa alhali bai sha wutar kirki ba, misali layin CPU Package Power yana nuna wat 35 ko 40 amma zafi yana 98, domin na'urar sanyaya da aka yi don ɗaukar fiye da wat 55 ba ta da dalilin gazawa a ƙasa da haka. Na biyu shi ne bambanci mai yawa tsakanin manyan sassan furosesan guda shida, waɗanda manhajar ke kira P-core: idan suna aiki iri ɗaya amma wani yana 78 wani yana 98, galibi man sanyaya ne bai bazu daidai ba, ko kuma ƙarfen sanyaya bai zauna daidai a kan furosesan ba. Haka nan idan ka kai hannu bayan kwamfutar ka ji iska na fita ta gefe ɗaya kawai, ko ta mutu da kanta ana tsakiyar wasa, wannan ba abin haƙuri ba ne, mayar da ita za ka yi.

Sai kuma batun da sau da yawa masu bitar kwamfutoci a Turai da Amurka ba sa kawowa, saboda ba damuwarsu ba ce. Suna gwajinsu ne a ɗaki mai sanyi, digiri 22 ko kusa da haka, kuma yawancin kamfanoni suna rubuta cewa an yi kwamfutar ne don aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Kano kuwa, a watan Afrilu, zafin rana yakan haura 40, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kwano ba ya hucewa sai dare ya raba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take zuƙowa ta bi da ita ta kan ƙarfe, saboda haka kusan duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, furosesa ma zai ƙaru da shi. Kwamfutar da aka auna 82 a can, ba abin mamaki ba ne ta nuna 95 a nan lokacin bazara ba tare da ta yi laifin komai ba.

A bazarar da ta wuce wani ƙanena ya kawo mini irin wannan ƙorafi, har ya fara maganar sayar da tasa. Da na shiga ɗakinsa sai na tarar da ita a kan katifa, an shimfiɗa zanen gado mai kauri, caja a jone, shi kuma yana kwance rub-da-ciki yana wasa. Na ɗaga ta na nuna masa ramukan da ke ƙasanta, waɗanda ta nan take shaƙar iska, ga shatin zanen gadon ya toshe su gaba ɗaya. Muka mayar da ita kan tebur, muka sa littafi a ƙarƙashin gefenta na baya ya ɗaga ta kamar faɗin yatsu biyu ba tare da ya rufe ramukan ba, kuma kafin a tashi wasan farko ƙarar fankar ta sauka har muna iya jin maganar juna. Ka fara da wannan, kuma ka bar tazara tsakanin bayanta da bango.

Bayan haka sai saiti. Kowace kwamfutar gem tana zuwa da manhajar kamfaninta, kamar Armoury Crate a Asus, Lenovo Vantage a Legion da LOQ, Omen Gaming Hub a HP, NitroSense a Acer ko MSI Center. A ciki za ka ga matakai, galibi Quiet, Balanced da Performance ko Turbo. Mutane suna son mataki na ƙarshe saboda sunansa, alhali shi ne ke sakin wa furosesa linzami ya sha wuta iya son ransa. A yawancin wasanni katin hoto ne ke ɗaukar babban kaya, don haka komawa Balanced ba ya rage santsin wasa sai kaɗan, amma yana rage zafi sosai. Idan manhajar tana da matakin Custom ko Manual, ka rage iyakokin wutar da ake kira PL1 da PL2 zuwa wat 45 da 65, ka ƙara gudun fanka, ka gwada, sannan ka daidaita gwargwadon abin da ka gani. A ganina wannan ne magani mafi inganci, domin ya taɓa tushen matsalar, wato yawan wuta.

Abu na gaba da ake yawan mantawa shi ne ƙayyade yawan hotunan da wasa ke fitarwa a daƙiƙa. Idan allonka 144Hz ne, wato hotuna 144 yake iya nunawa a daƙiƙa, wasan kuma yana fitar da hotuna 220, to ragowar aikin banza ne da zafi kawai yake haifarwa. Ka shiga saitin wasan ko Nvidia Control Panel ka sa Max Frame Rate daidai da allonka, ko ƙasa da haka idan lokacin zafi ne. Akwai kuma tsohuwar dabarar mayar da Maximum processor state zuwa kashi 99 a saitin wutar Windows domin kashe Turbo Boost, wato ƙarin gudun da furosesa ke yi idan aiki ya taso, sai dai ba kullum take aiki yadda ake so a furosesoshin Intel na ƙarni na 12 zuwa sama ba. Rage ƙarfin lantarkin furosesa da manhajar ThrottleStop ko ta Intel XTU yana taimakawa ƙwarai inda aka bar ƙofar a buɗe, amma tun bayan gano raunin tsaro na Plundervolt a ƙarshen 2019 kamfanoni da yawa suka kulle ta, kuma ba na ba wanda bai goge ba shawarar farawa da nan.

Ka kuma buɗe Task Manager lokacin da ba ka yin komai. Sabuwar kwamfuta takan yi kwanaki tana sauke sabuntawar Windows, wanda ke sa ta ɗumi, kuma wannan yana wucewa. Amma idan an loda maka wasannin da aka fasa a shago, kuma ka ga furosesa ko katin hoto yana aiki tuƙuru alhali ba ka buɗe komai ba, to ka yi zargin manhajar haƙar kuɗin kirifto da ake ɓoyewa a cikin irin waɗannan wasanni, ka goge su, ka binciki kwamfutar da Windows Security.

TAMBAYA: Malam, faifan sanyaya mai fanka da ake ɗora laftof a kai yana da amfani, ko asarar kuɗi ne? Wani abokina kuma yana sa ƙanƙara a leda a ƙarƙashin tasa. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Malama, faifan yana da amfani, sai dai rabin amfaninsa ɗaga kwamfutar da yake yi ne, wanda littafi ma zai yi. Mai kyau shi ne wanda fankarsa ta dace da ramukan da ke ƙasan kwamfutarki, musamman irin mai soso a gefe da ke tilasta iska shiga ciki. Ƙanƙara kuwa ki hana abokin naki tun yau. Sanyinta yana sa raɓa ta taru, a jikin ledar da kuma cikin kwamfutar, kuma ɗigon ruwa ɗaya a kan allon lantarki ya isa ya jawo gyaran da ya fi kuɗin faifai goma.

TAMBAYA: Tawa ta shekara ɗaya da rabi, da can ba ta wuce digiri 85, yanzu tana kai 99 a wasan da na saba bugawa. Me ya sauya? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, kwamfutar da ta ga hunturu a ƙasarmu, ƙura ce abin zargi na farko. Takan taru a tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, ta dunƙule ta zama kamar guntun bargo mai launin toka, har ana iya zare ta da hantsaki gaba ɗayanta. Fankar tana juyawa da ƙarfi, kana jin ƙara, amma iskar ba ta da hanyar wucewa. Idan garantinka ya ƙare, a buɗe murfin ƙasa, a cire igiyar batir kafin a taɓa komai, a riƙe fankar da yatsa lokacin da ake hura mata iska don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta, sannan a share haƙoran da burushi mai laushi. Ni ina yin wannan sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki da zarar hazo ya ɗauke.

Idan an share ƙura zafin bai sauka ba, to a nan ne sauya man sanyaya yake da ma'ana, domin yakan bushe ko ya tsiyaye gefe saboda yawan zafi da hucewa. Amma ka tambayi mai gyaran abin da zai sa, kuma ka fara sanin abin da ke ciki. Wasu kwamfutocin, kamar da yawa daga jerin ROG na Asus tun daga 2020, suna zuwa da ruwan ƙarfe mai sinadarin galiyom a madadin man da aka saba. Wannan ruwa yana ɗaukar lantarki kuma yana cin alminiyom, don haka idan ya zuba a kan allon lantarkin da ke cikin kwamfutar zai iya kashe ta nan take, kuma ba kowane mai gyara ne ya taɓa aiki da shi ba. Ga kwamfutar da ke amfani da man da aka saba, na fi natsuwa da siririn faifan nan na Honeywell PTM7950, wanda yake narkewa idan ya ji zafi ya cike gurbi, kuma ba ya saurin tsiyayewa. A kula kada a yar da 'yan fale-falen roba masu laushi da ke kan ƙananan sassan da ke kewaye da furosesa da katin hoto, a mayar da kowanne mazauninsa da kaurinsa, sannan a ɗaure kusoshin ƙarfen sanyaya bisa jerin lambobin da aka rubuta a jikinsa, kaɗan-kaɗan, har ya zauna daidai.