Aikin ejensi a New Jersey: in ci bashin mota a kansa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekarata guda a Newark ta jihar New Jersey a Amurka. Ejensin da ke tura leburori ce ke ba ni aiki a wani babban sito, ina ɗaukar kwali. Tun watan Oktoba har abatayim nake samu. Yanzu ina so in ɗauki mota bashi na shekara biyar don in huta da jiran bas ɗin ejensi da asuba. Ga kuma wani shago da ke son ɗaukata kai tsaye, amma kuɗin awarsa bai kai na ejensi ba. Wanne zan kama?

Amsa: Ɗan'uwa, watan Oktoban da ka ambata shi ya sa na ɗaga gira. Manyan sito-siton da ke jere a kan titin Turnpike, musamman wajajen Cranbury da South Brunswick, kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Newark da Elizabeth suke rarrabawa, kuma kakarsu daga Oktoba ne zuwa Kirsimeti. Janairu na kamawa oda ke raguwa, wanda ake fara cewa ya zauna a gida sai an kira shi kuwa ɗan ejensi ne. Dalilin da ya sa kamfani ke ɗaukar mutum ta hannun dillali ke nan: ya sallame shi ba tare da ciwon kai ba. Ka tambayi duk wanda ya ga Janairu biyu a wurin, zai ba ka labarin tsayuwa cikin sanyi ƙarfe biyar na asuba a ƙofar ofis, a kira sunaye ashirin a ce saura sai gobe.

Kasuwar ma gaba ɗaya ba kamar da take ba. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun nuna masu aikin wucin gadi ta hannun ejensi sun kai kusan miliyan 3.2 a watan Maris na 2022, daga nan suka yi ta raguwa har suka sauko wajen miliyan biyu da rabi a 2025. Masana tattalin arziki kan sa ido a kan wannan lamba, domin kamfanoni kan fara rage 'yan wucin gadi kafin su taɓa ma'aikatan dindindin.

To bashin wata sittin a kan aikin da ba ka da tabbacin mako mai zuwa, ban goyi baya ba. Banki bai san an ce ka zauna a gida ba, kamfanin inshora ma haka, kuma inshorar sabon direba a New Jersey tana cizo. Ban ma taɓo zancen kuɗin ruwa ba, wannan tsakaninka da malaminka. In motar ta zama dole, tara kuɗin abatayim ɗin nan ka sayi ta hannu kuɗi ƙasa, ka kai wa makanike ya duba ta kafin ka biya ko sisi.

Batun shago kuwa, kada ka kwatanta kuɗin awa da kuɗin awa. Ɗauko takardun albashinka ka lissafa abin da ya shigo aljihu a watannin da babu kaka, sannan ka tambayi mai shagon awa nawa zai tabbatar maka a mako, da ko akwai inshorar lafiya. Awa arba'in tabbatacciya sau da yawa ta fi mai tsoka da ke zuwa yau ta ɓace gobe. Kafin ka tafi kuma, gwada tambayar manajan siton ko suna ɗaukar ma'aikata na kansu. Doka ta hana ejensi tare maka wannan hanya.

Tambaya: Ni kuma mace ce, ina aikin shara da goge-goge ta hannun wata ejensi a Elizabeth. Ana cire mini kuɗin bas a albashi kowane mako. Daidai ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ba daidai ba ne. Dokar kare 'yan aikin wucin gadi da Gwamna Phil Murphy ya sa wa hannu a watan Fabrairun 2023 ta shafi masu shara, da masu aikin sito, da na kicin, da leburorin gini. Ta hana ejensi karɓar kuɗin kai ma'aikaci wurin aiki. Ta ce in an tura ki kika tarar babu aiki, a biya ki kuɗin awa huɗu. Ta kuma ce albashinki kada ya gaza matsakaicin abin da kamfanin ke biyan ma'aikatansa masu irin aikinki. Ki adana takardun albashin nan duka, ki ɗauki hotonsu a waya, ki kai ƙorafi ma'aikatar ƙwadago ta jihar. Dokar ta kuma haramta a kore ki ko a daina ba ki aiki don kin yi ƙorafi.