Kafin Ka Biya Kuɗin AI Don Tafiyar Da Aiki: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan makon kusan duk wuri guda suka dosa: manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda kowa ke kira AI, da ko suna da amfani ga wanda aka ɗora wa ragamar wani aiki mai kasafi da wa'adi. Na zaɓi shida.

Ta farko daga Damaturu ta zo. Mai rubutun jami'a ce a wata ƙungiyar agaji, tana kula da aikin gina rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Ta ce shugabanta ya ce kowa ya koma aiki da AI, kuma tun ranar ba ta barci sosai, don gani take an fara shirin sallamarta ne. Ga shi ita ke riƙe da ƙannenta.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Zauna ki rubuta abin da kike yi a mako guda, sai ki raba shi gida biyu. Gida na farko na rubutu ne: rahoton wata, bayanin taro, wasiƙar neman izini, jadawalin ziyara. Wannan na'ura za ta rage miki rabin wahalarsa. Gida na biyu shi ne zuwa gaida mai gari, sasanta unguwanni biyu da kowacce ke son a haƙa a ƙofarta, da gane cewa mai haƙar ya tsaya a mita arba'in alhali sittin aka biya shi. Ba a yi manhajar da za ta tsuguna gaban dagaci ba, kuma don wannan gidan na biyu ake biyanki albashi. Ki fara da na kyauta, ChatGPT ko Gemini ko Claude, kowanne ya isa. Ki ba shi rahotonki na watan jiya ki ce ya taƙaita, ki gwada da abin da ke kanki, ki ga inda ya yi daidai da inda ya kauce. Mako biyu kina haka tsoron zai tafi. Abu ɗaya kawai nake roƙonki: sunayen masu amfana da aikin, lambobin wayarsu da na katin ɗan ƙasa, kada ki kuskura ki zuba su ciki. Dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta hau kan ƙungiyarku, kuma in aka sami matsala sunanki ne a takarda.

Na biyu ɗan kwangila ne daga Zariya. Ya ce ChatGPT ya zana masa jadawalin ginin bene mai hawa ɗaya, mako-mako, har da lissafin kaya, kuma ya yi kyau a ido. Yana tambaya ko ya miƙa wa mai gida haka.

Alhaji, kada ka miƙa tukuna. Na taɓa zama da wani ɗan'uwana muka yi irin wannan gwajin a kan katangar filinsa, katanga ce mai faɗin murabba'in mita 200. Na'urar ta ce bulo 2,500. Birkilan da ke tsaye yana jinmu ya girgiza kai ya ce dubu biyu da 'yan kai sun isa. Da muka bi diddigi sai muka ga inda gizo ke saƙa: ta yi lissafi da bulon Amurka, wanda sha biyu da rabi ke cika murabba'in mita, alhali namu na inci tara ya fi shi girma, goma ne ke cikawa. Bulo ɗari biyar ke nan na banza, ka buga da kuɗin bulo na yau ka ga abin da za a yi asara. Ba ta yi wata inda-inda ba wajen faɗa, kuma nan ne haɗarin yake: da gaskiya da kuskure duk murya ɗaya take ba su.

Jadawalin ma haka. Duba naka da kyau. Ya san ma'aikata rabin wuni suke yi ran Juma'a? Ya san da azumi aiki na ja da baya, kuma lebura in ya tafi gida Sallah sai ya yi mako bai dawo ba? Ya san a watan Agusta tifa ba ta iya shiga wasu lungunan? Siminti kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka ranar cire katakon da ya tokare dekin injiniyanka ne zai faɗe ta, ba waya ba. In ka gaya mata duk waɗannan da bakinka, za ta gyara, kuma nan take da amfani: siminti ya makara da kwana biyar, ka ce ta matsar da duk abin da ke biye da shi, cikin minti ɗaya ta gama abin da da zai cinye maka dare. Farashi kuwa kada ka tambaye ta ko kaɗan. Ɗaga waya ka kira dilanka.

Yanzu ga wasiƙar da ta sa na ɗauki alƙalami da zafi. Wani matashi daga Kano, mai kula da ayyuka a wani ƙaramin kamfanin sanya sola, ya ce ya ga talla a wani zauren WhatsApp: ChatGPT na biya, naira dubu uku a wata, wani ma dubu goma har abada. Yana tambaya wanne ya fi.

Babu wanda ya fi, ɗana. Duk guba ne. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, dala 20 yake karɓa a wata kan tsarinsa na Plus, wato wajen naira dubu talatin gwargwadon yadda dala ta kwana. To wane ɗan kasuwa ne zai sayi kaya dubu talatin ya sayar maka dubu uku? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da suke yi bai wuce uku ba. Ko dai asusu ɗaya ne suka raba wa mutum goma ko ashirin, ko da katin bankin sata aka biya, ko kuma ba asusun ba ne sam, wata manhajar jabu ce da aka liƙa wa tambari mai kama da na asali.

Ɗauki na farkon, wanda mutane ke gani kamar ba komai. Asusu ɗaya, shafin hira ɗaya. Duk abin da ka rubuta yana nan jere a gefe, kuma duk wanda ke da kalmar sirrin zai buɗe ya karanta. Ka zuba takardar farashin da za ku kai wa asibiti, da ribar da kuka ɗora, da sunan wanda kuke sayen batir a wurinsa da nawa yake bar muku. Ka san su waye sauran sha taran? A gari ɗaya kuke, a zaure ɗaya kuka ga tallar, ba abin mamaki ba ne wanda kuke takarar kwangilar da shi yana ciki. Wata mai shirya bukukuwa ta taɓa nuna mini wayarta, irin wannan asusun ta saya. Muna gungurawa sai ga takardar neman aikin wani, ga wasiƙar wata zuwa ga mijinta, ga kasafin wata makaranta da albashin kowane malami. Nan take jikinta ya yi sanyi, don ta gane nata lissafin na bikin 'yar wani attajiri, har da abin da ta ware wa kanta, haka yake a buɗe ga waɗannan baƙin. Ba a jima ba aka rufe asusun, domin ƙa'idar kamfanin ta hana raba kalmar sirri. Duk abin da ta tara a ciki ya tafi, mai tallar kuma ya toshe lambarta.

Kada ka ce wannan ƙaramin abu ne. Kamfanin Samsung, da duk girmansa, a 2023 ya taka wa ma'aikatansa birki kan amfani da ChatGPT bayan wasu injiniyoyinsa sun zuba bayanan sirrin aiki a ciki. Su fa asusu na halal suke amfani da shi. Kai kuma za ka ɗauki sirrin wanda ya ba ka amana ka ajiye a ɗakin da mutum ashirin ke da makulli, don ka rage dubu ashirin da bakwai.

Na jabun ya fi muni. Duk wanda ya turo maka fayil ya ce ka sauke ka girka, ba daga Play Store ko App Store ba, ka ɗauka ɓarawo ne har sai ka ga akasin haka. Manhajar za ta nemi izinin karanta saƙonninka, kuma ta saƙo ne bankinka ke turo lambar tabbatar da ciniki. A cikin shagon ma akwai masu kwaikwayo, don haka ka duba sunan kamfanin da ke ƙasa: in ChatGPT ne OpenAI za ka gani, in Gemini ne Google. Maganar har abada kuwa, kamfanin da kansa wata-wata yake sayarwa, to shi mai tallar a ina ya samo na dindindin?

Na san abin da ya jefa mutane hannun waɗannan dillalan. Shekaru bankuna sun toshe katin naira ga sayayyar waje, sai a 2025 wasu suka fara buɗewa. Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancin masu sayen ba su ma taɓa ƙure na kyauta ba. Mutum bai yi tambaya goma a rana ba, yana neman na biya don a ce yana da shi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, kuɗin wata na wannan abu ya kusa rabinsa. Yi wata guda da na kyauta. In kullum yana tsayar da kai a tsakiyar aiki, to lokaci ya yi: ka je wurin mai kamfanin, ka nuna masa sa'o'in da ake ragewa, ya biya daga aljihun kamfani, da adireshin imel na kamfani. Ka kuma shiga saitin bayanai ka kashe izinin amfani da hirarku wajen horar da na'urar. Kuma ka rubuta ranar da za a sake cirar kuɗin, don abin da kansa yake sabuntawa, na ga wanda ya yi wata huɗu ana zarar masa dala bai lura ba.

Wata mai ɗinki daga Maraɗi, da ma'aikata takwas, ta tambaya wace manhaja za ta saya don bin ɗinkunan Sallah: Asana, Notion ko ClickUp, tunda ta ji duk sun sa AI a ciki.

Hajiya, ko ɗaya. Waɗannan kuɗinsu kan kowane mutum ne a kowane wata, ki buga sau takwas. Ki ɗauki Trello na kyauta, ki yi layi huɗu: an karɓa, an yanka, ana ɗinki, an gama. Kowane ɗinki katinsa, da hoton yadin da ranar alkawari. In yaranki ba za su riƙa buɗe shi ba, allo da alli a bangon shago sun fi miki, domin manhajar da ba a sabunta ta ƙarya take nunawa. Jikkunan ki sayi zare da man janareta.

Sai wani da bai faɗi garinsa ba. An ba shi duba ginin ajujuwa a wani ƙauye, hanyar ba kyau, yana so in gaya masa manhajar da za ta rubuta masa rahoton ci gaban aiki mai gamsarwa ba sai ya je ba.

Malam, wannan ba tambayar saye ba ce, neman abokin ƙarya kake. Na'urar za ta rubuta maka, ba ta gardama: an kai linta, an yi kashi saba'in cikin ɗari, duk abin da kake so. Yara ne za su zauna ƙarƙashin rufin nan. A 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kai masa shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙaga, ba su duba ba. Alƙalin bai kira na'ura ba, masu sa hannu ya kira. Ka hau babur ka je. In ba za ka iya ba, ka mayar da aikin a ba wanda zai iya.

Ta ƙarshe daga sakataren wata ƙungiyar manoma a Funtuwa. Dattijo ne, ya ce hannunsa ya fara rawa, rubuta bayanin taro na ba shi wuya, amma ba ya son ya ajiye aikin da ya riƙe shekaru. Da Hausa suke taro, yana tambaya ko na'ura za ta iya ɗauka ta rubuta.

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba sai ka ajiye ba. Sai dai kada ka sa rai da yawa kan ɗaukar muryar taro. Ko da Turanci na'urorin suna rikicewa in mutum uku suna magana lokaci guda, balle Hausa da hayaniyar tsakar gida, kuma sunayen mutane da adadin buhuna su ne suka fi lalacewa. Lissafinmu ma yana ruɗa su, ka ce ashirin ba biyu ta rubuta maka 22. Ga abin da zai yi maka aiki. Bayan an tashi, ka zauna da jikanka ko wani yaro mai waya, ka faɗa masa abubuwan da aka yanke: wa zai karɓo taki, buhu nawa, zuwa wace rana. Ya rubuta su ko a hargitse, sai a ce wa manhajar ta jera su a tebur, da suna da aiki da wa'adi. Meta AI da ke cikin WhatsApp ma zai iya wannan, ba ka biya ko sisi ba sai data. In kuma za ku ɗauki murya don ajiya, ka sanar da mahalarta tun kafin a buɗe da addu'a, wanda bai yarda ba a kashe. Teburin in ya fito, a karanta maka shi da ƙarfi, layi-layi, ka gwada da abin da ka ji a taro, sannan ka sa hannu.